Wayar da Kakana Bai Haɗa Ba

Ranar da kakana ya rasu na kusa ƙona ɗakin matarsa. Gara in faɗa da bakina, domin in na bar wa mutanen Ikara labarin, kafin sati za ku ji an ce har da akuyoyi suka mutu.

An dawo daga maƙabarta da hantsi, babu wuta, zafi kamar a bakin tanda. Mata sun cika ɗakin Iya, kakata, har ba wurin ajiye ƙafa. Na leƙa na ga tsohuwa tana kuka tana gumi, sai na ce bari in yi abin kirki ko sau ɗaya ne a rayuwata. Na ruga shagon Kaka na kinkimo batir da wata fankar lagireto, na tsinko siririyar waya daga jikin tsohuwar rediyo, na haɗa. Fanka ta yi juyi kamar goma, Iya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, maigidan." Ba ta rufe baki ba wayar ta yi jajir, robarta ta narke, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi. Wata ƙawar Iya da ta shekara goma tana cewa gwiwoyinta sun mutu, ita ce ta fara isa tsakar gida, ta tsallake turmi ba ta taɓa shi ba.

Ba abin da ya ƙone sai gefen tabarma. Na sha ranƙwashi biyu wajen Baba, na karɓa, domin na cancance su. Abin da ban karɓa ba shi ne maganar da na ji da na fito ƙofar gida ɗauke da batirin. Wani direba daga Paki, yana zaune cikin masu gaisuwa, ya sunkuya wajen na kusa da shi ya ce, "A jini yake. Kakan ma ai da gobara ya yi sallama da sana'a."

Suka murmusa cikin gemu, sannan suka ɗaga hannu suka ce Allah ya jiƙansa.

Haka aka yi ta yi kwana biyu. Mutum zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Baba, ya gaishe shi da haƙuri, ya tambayi haƙurin Iya da na yara da na kajin gida, ya ce mamaci mutumin kirki ne, bai taɓa jin kansa da kowa ba. Da ya koma kan tabarmarsa sai ka ji ya rage murya: "Sai dai wannan abu na bas ɗin Gubuchi. Tsufa ne. Ido ya tafi." Wani malamin makaranta har da nuna tausayi, wai laifin 'ya'yansa ne da suka bar dattijo yana taɓa waya bayan hannunsa ya fara rawa. Hannun Kaka bai taɓa rawa ba. Da hannun nan yake kama kunnena, kuma ko sau ɗaya bai kuskure ba.

Saboda wannan nake rubutun nan. Kakana mai gyaran wayarin mota ne, shagonsa yana bayan tasha, kuma bai ƙona bas ɗin kowa ba.

Ni da shi ba mu taɓa shiri a baki ba. Yana kirana Ɓarawo, ina kiransa Tsoho. Kullum in an tashi makaranta nakan biya ta shagon, wai don in gaishe shi, amma ni da shi mun san ƙosan da yake ɓoyewa cikin gwangwanin kusoshi na zo gaisarwa. Yakan ce wa duk wanda ke zaune, "Ku riƙe aljihunku, mijin Iya ya iso." Ni kuma in ce in ya ƙara zagina zan sake ta, ya koma dafa wa kansa tuwo. Sai da ya rasu Iya ta gaya mini cewa shi ba ya ma cin ƙosai, yana sa masa ƙwannafi.

A shekarun nan samarin direbobi sun haukace da kiɗa. Kowa so yake in ya taho daga Kudan a ji shi tun yana Makarfi. Sai su sayo amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa sifika ƙarfi, su kawo wa Kaka da kwalinta, suna nuna masa lambobin da aka rubuta da jan fenti. Kaka ko kallon kwalin ba ya yi. "Wuta ba ta karanta kwali," in ji shi. Sai ya juya akwatin, ya duba fiyus ɗin da ke jikinta, ya haɗa lambobinsu, ya ce ga abin da take ci. Daga nan ya ɗauki igiya ya auna daga batir zuwa inda za a girke ta. Da waɗannan biyun yake zaɓen kaurin waya, cin akwatin da nisan tafiya.

In saurayi ya ce ai waya waya ce, Kaka ba ya musu. Yakan tambaye shi ko babansa yana noman rani. Kusan kowa a nan zai ce e. "To, in ka sa wa babban injin ban ruwa siririn tiyo, ka ja shi har ƙarshen fadama, me zai isa wajen tumatir?" Sai ya ƙara da cewa, "Shi tiyo fashewa zai yi, ka jiƙe, a yi maka dariya. Ita waya zafi take yi, ba ta da inda za ta kai shi sai kujerarka."

Jar waya ce take kai wuta daga batir, baƙa kuma ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wutar ta samu hanyar komawa. A kan baƙar nan Kaka ya fi faɗa. Yara sukan sa jar mai kauri don ita ake gani, su maƙala kowace irin igiya a matsayin baƙa. Shi kuwa dole kaurinsu ya zama ɗaya, baƙar ta zama gajeriya, kuma sai ya kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin ya ɗaure ta. Yakan kankare wurin da natsuwa kamar mai yi wa jariri aski. Fiyus kuma sai ya sa shi dab da batir, taƙi ɗaya, kuma duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai ya sa mata zoben roba. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, Kaka sai ya kai la'asar. Direbobi suna ƙorafi, suna dawowa.

Akwai wani mai tallar maganin gargajiya daga Janfalan, da wata mota da ta girmi Baba, wanda da lasifikar kan motar yake ciyar da iyalinsa. Duk lokacin da ya ɗaga murya fitilunsa sai su dushe, muryar ta shaƙe. Ranar da ya zo babu waya mai kyau a shago. Kaka ya tashi ya nufi matacciyar motarsa da ke bayan gida, wadda ya hana kowa taɓawa, yana cewa wata rana zai tashe ta ya kai Iya Kano. Ya zaro mata jijiya, waya ta jan ƙarfe mai nauyi kamar maciji, ya sa wa mai magani. Da Iya ta ce, "To, Kanon fa?" sai ya ce ai ita ma ta tsufa da yawo.

Yanzu ga yadda aka yi da bas ɗin.

Gwaggona, ƙanwar Baba, tana aure a Kudan. Mijinta yana da ƙaramar bas, ana ɗaukarsa kai amarya da kayanta. Wata rana ya zo da amfilifaya mai girman akwatin lefe da ƙunshin waya da ya sayo a Zariya, ja da baƙa, masu sheƙi, an rubuta lamba huɗu a jikin ledar. A waya, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, kuma huɗu ɗin ce Kaka zai nema wa akwati irin wannan. Ina zaune ina cin ƙosai. Abokin Kaka mai walda, wani Kirista da ya zo daga kudancin Kaduna tun kafin a haifi Baba, wanda rumfarsa take manne da shagon, shi ma yana nan.

Ban taɓa ganin faɗa mai ladabi irin wannan ba. Mijin Gwaggo ya cire takalmi, ya tsuguna, kansa a ƙasa. Kaka kuwa, da yake suruki ne, ba ya iya kallonsa ya ce masa ya sayo shara. Sai ya ɗaga wayar a tafin hannu, ya ji nauyinta, ya yanke bakinta da wuƙa, ya juya wajen mai walda.

"Abokina, dubi wannan. Duk riga ce, babu mutum a ciki."

Na leƙa. Robar ta kai kaurin rake, abin da ke tsakiya bai fi tsinken tsire ba. Kaka ya kankare silin, jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya.

"Baba," in ji mijin Gwaggo, yana kallon ƙasa, "mai shagon ya rantse mini ita ake yayi."

"Abokina," in ji Kaka, yana kallon mai walda, "ka gaya wa masu motar nan, in sun ba ni kwana uku zan aika a nemo ta gaskiya."

"Baba, jibi nake da biki."

"Abokina, ka ce musu a kai amarya da guɗa. Da can da me ake kai ta?"

Mai walda dai kansa yake juyawa daga wannan zuwa wancan kamar mai kallon ƙwallo, bai isar da saƙo ko ɗaya ba, domin kowa ya ji. Mijin Gwaggo ya yi godiya, ya tattara wayarsa, ya ja da baya har bakin ƙofa. Ya wuce Makarfi, wani yaro a bakin kasuwar rake ya haɗa masa cikin rabin awa. Da abokansa a tasha suka ji ƙarar suka tambayi wanda ya yi aikin, kunya ta hana shi cewa surukinsa ya ƙi. Ya ce, "Wa kuwa, in ba Baba ba."

Bas ɗin ta yi wata biyu tana girgiza gari. Ranar wani biki, a hanyar Gubuchi, da tsakar rana, cike da katifa da kujeru da kwanukan amarya, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujerar baya. Mata uku da ke ciki suka fita da ransu. Kaya kuwa, abin da uban yarinya ya yi damina uku yana tarawa, ko murfin kwano ba a tsira da shi ba. Da aka tambayi mijin Gwaggo, ya riga ya faɗi abin da ya faɗa a tasha, bai janye ba.

Washegari na hau keken Baba ba da izini ba, na je inda gawar bas ɗin take. Na shiga cikin toka har gwiwa. Babu fiyus a bakin batir. Jar wayar an cusa ta ta wani rami mai kaifi a ƙarfe ba roba. Baƙar kuma, ba ma wadda ya sayo a Zariya ba ce, na same ta a ƙarƙashin kujera, siririya kamar igiyar takalmi, an ɗaura ta a kan kusa, fenti yana nan ƙarƙashinta ba wanda ya taɓa shi. Na kwance ta da guntun jar, na kawo wa Kaka ina haki, ina jin kamar na kamo ɓarawon shanu.

Ya duba, ya jefa su cikin gwangwani. "Wa ya aike ka?"

"Tsoho, cewa suke kai ne."

"Na ji. Ba a kunnena na tsufa ba."

"To ka faɗa musu mana."

"In faɗa, sannan gwaggonka ta sa fuskarta ina? Tana gidansa da 'ya'ya biyar. Uban amarya ya haƙura ne don yana ganin kuskuren tsoho ne. In ya ji ganganci ne, kotu za su." Ya kama kunnena. "In na ji wannan magana a bakinka, ni da kai ne."

Na ce to, amma da ya shiga masallaci na sace wayoyin daga gwangwanin.

Wata biyar ya yi bayan nan. Ina ganin motocin da ya yi rainonsu tun suna sababbi suna wuce shagonsa, direbobin suna ɗaga masa hannu daga nesa kamar masu gaida mai ciwon ido. Shi kuwa kullum sai ya buɗe, ya share, ya jera filaya da sukuddireba, ya zauna. Har ƙosai bai fasa saye ba. Ba zan ce wannan ne ya kashe shi ba, ciwon ƙirji ne, ya kwana huɗu a kwance. Amma ya mutu mutanen da ya yi wa aiki shekara arba'in suna ce masa makaho, kuma wanda ya jawo masa yana sahun gaba a jana'iza, yana share hawaye da hula.

Ranar sadakar uku aka cika ƙofar gida. Bayan addu'a liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe. Sai uban amaryar nan ya miƙe. Dattijo ne manomi, ya taho tun daga Gubuchi, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi. Ya ce, "Jama'a ku shaida, gobarar kayan 'yata, na yafe masa duniya da lahira."

Wuri ya ɗauki "Allah ya saka da alheri." Wani har da cewa yanzu kabarinsa zai yi sanyi.

A nan ne kaina ya yi zafi. Ana yafe wa kakana abin da bai yi ba, a ƙofar gidansa, ana kuma jiran mu yi godiya. Ina rabon ruwa ne a lokacin. Na ajiye butar, na shiga ɗaki na zaro wayoyin daga ƙarƙashin katifata, na ratsa manya ban cire takalmi ba, na ajiye su a kan tabarmar gaba.

"Wannan daga cikin bas ɗin na ciro su," na ce. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. "A duba in aikinsa ne."

Baba ya ce, "Kai, fita daga nan." Liman ya ce a bar yaro, zafin rashi ne. Amma mai walda, wanda ya kwana uku a gefen tabarma, ya riga ya miƙa hannu. Ya ɗauki baƙar, ya juya ta. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare jar, fari ya fito. Ya miƙa wa direban Paki.

"Kai, shekara nawa yana yi maka aiki?"

"Sun fi goma."

"Ka taɓa ganin ya sa irin wannan?"

Direban ya juya ta, ya sake juyawa. "Gaskiya a'a."

"Marigayi ya roƙe ni kada in kira sunan kowa," in ji mai walda, "kuma ba zan kira ba. Amma ina zaune aka kawo masa wayar nan, ina zaune ya ƙi ta."

Ya mayar da wuƙarsa aljihu. Ba wanda ya dubi mijin Gwaggo, kuma wannan rashin duban ya fi a nuna shi da yatsa.

A makaranta na ba da labarin abin da ya biyo baya sau ya fi ashirin. Na ce mijin Gwaggo ya faɗi yana birgima, yana neman gafara, aka yayyafa masa ruwa. Na ce direbobi sun ɗaga ni sama. A wani faɗin ma har liman ya ba ni rawaninsa. Amma wannan rubutu na Kaka ne, shi kuwa ba ya son riga ba mutum a ciki.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi abokan zama masu haƙuri da dogon aiki. Ya yafe mini saɓa masa da na yi, in saɓo ne.

Ga abin da ya faru. Mijin Gwaggo ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya ce, "Ba shi ya haɗa ba. A Makarfi aka yi mini." Ya faɗa ne a hankali, waɗanda ke tabarmar gaba kaɗai suka ji. Uban amarya ya ce, "To," ya ɗauki sandarsa ya tafi bai tsaya cin tuwon sadaka ba. Kotu dai bai kai ba har yau, amma ba wanda ya sake ba mijin Gwaggo kai amarya a wannan yanki. Baba ya yi mini dukan da na kwana biyu ina zama da gefe ɗaya. Gwaggo ta tattara 'ya'yanta ta koma Kudan a ranar, ba ta jira bakwai ba, kuma yau wata huɗu ke nan ba ta taka gidanmu ba, ko Iya ta kira ba ta ɗauka. Ranar kasuwar da ta wuce na bi ta tasha, na ji wani kwandasta yana ba wani fasinja labarin tsohon da ya ƙona bas ɗin Gubuchi.